Ciyaman 44, kansila 484: wa ke zaɓar su a Kano?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta da hankali ba da zagi ba. Ku dubi zaɓukan ƙananan hukumomi na baya-bayan nan a jihar nan. A 2014, Kwankwaso yana gwamna a APC, APC ta lashe kujerun ciyamomi 44 gaba ɗaya. A Fabrairun 2018, zamanin Ganduje, APC ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484. A Janairun 2021 haka aka maimaita. Ranar 26 ga Oktoba 2024, Abba Kabir Yusuf yana gwamna, NNPP ta ɗauke 44 da 484, ko kansila ɗaya bai kuɓuce ba.

To ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan fa Kano ce. Garin da ya kayar da gwamna mai ci a 2003 ya ɗora Malam Shekarau. Garin da a 2023 Abba na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Gawuna na APC ya samu 890,705. Mutum dubu ɗari takwas da casa'in ba za su ɓace cikin shekara ɗaya da wata bakwai ba. Ta yaya za a ce a mazaɓu 484, daga Doguwa har Kunchi, babu inda mutane suka ga ɗan wata jam'iyya ya fi cancanta?

Kamalu: Wa alaikumus salam Malam. Amsar ai a fili take. APC ba ta shiga zaɓen 2024 ba, kotu ta tafi. Wanda bai tsaya ba ta ina zai ci? Mu mun tsayar da 'yan takara, mun zaga unguwa-unguwa, jama'a suka fito suka dangwala mana. Kada a mayar da laifin wanda ya gudu kan wanda ya tsaya.

Usman: Kamalu ka ji tsoron Allah. A 2021 su wa suka ƙaurace? Ba ku ba ne, lokacin kuna PDP? Me kuka ce a lokacin? Cewa kuka yi hukumar zaɓen ta gwamna ce, shiga ɓata kuɗi ne. Yau mun faɗi irin maganarku kun ce gudu muka yi.

Kamalu: 2018 fa? Duniya ta ga bidiyon yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a, har INEC ta kafa kwamiti ya zo Kano. Kai ne za ka koya mana zaɓe mai tsafta?

Malam Nasiru: Kun ga abin da nake gudu ke nan. Ku biyun duk gaskiya kuke faɗa a kan juna, kuma ita ce ainihin damuwata. Duk wanda ke waje ya san wasan, in ya shiga gidan gwamnati sai ya buga shi yadda ya tarar. Tambayata ba wace jam'iyya ta fi laifi ba ce.

Barista Aminu: Malam Nasiru, bari na ɗan shigo da abin da doka ta ce, don tushen matsalar a rubuce yake. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓu. Amma sashe na 197 ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, mu tamu ita ce KANSIEC, sashe na 198 kuma ya ce gwamna ne zai naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta tabbatar. Kuɗin aikinta daga baitulmalin jiha yake fitowa. Dokar da za a yi zaɓen da ita majalisar jiha ce ke rubutawa. Abu ɗaya tak da ke zuwa daga INEC shi ne rajistar masu zaɓe.

Shi ya sa ba a Kano kaɗai ake ganin haka ba. A watan Oktoban 2024 ɗin nan dai, APC ta cinye 27 na Jigawa da 23 na Kaduna. A Ribas ma, da gwamna ya samu saɓani da jam'iyyarsa, mutanensa suka tsaya a wata ƙaramar jam'iyya mai suna APP, ta ci 22 cikin 23. Jam'iyyar da yawancin mutane ba su taɓa jin sunanta ba. Daga baya Kotun Ƙoli ta rushe wannan zaɓen a Fabrairun 2025. Wato ba jam'iyya ake bi ba ma, inda gwamna ya karkata nan sakamako ke sauka.

Shamsu: Barista ka taɓo inda yake mini ciwo. Ni na taɓa neman kansila a mazaɓarmu, ba zan faɗi jam'iyya ko shekara ba don kada a ce da wani nake. Matasan unguwa ne suka matsa mini saboda aikin gayya da muke yi na yashe kwatoci da gyaran maƙabarta. Muka buga fosta, muka je gaisuwa wajen dattawa. Ana saura kwanaki kaɗan aka kira mu aka ce ba za a yi zaɓen fidda gwani ba, maslaha za a yi. Muka zauna tun la'asar har bayan isha'i, wani ya shigo da takarda ya karanta sunan yaron da ko masallacin unguwar ba ya sallah. Aka ce mu yi haƙuri, umarni ne daga sama, za a saka mana da wani abu. Daga ranar na gane cewa ranar da ake rubuta wannan takardar ita ce ranar zaɓe. Asabar ɗin da ake hana zirga-zirga cika umarni ce kawai.

Anti Hauwa: Allah sarki Shamsu, na tuna lokacin. Matan layinmu har adashi suka so yi maka na kuɗin fom.

Shamsu: Anti ai kuɗin fom ɗin ma wata katanga ce. A 2024 hukumar ta fara sanya naira miliyan 10 ga ciyaman, miliyan 5 ga kansila. Da aka je kotu aka rage miliyan ɗai-ɗai, ya koma 9 da 4. Ki lissafa da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70: sai mutum ya tara albashin wata 57 bai ci ba bai sha ba kafin ya sayi fom ɗin kansila. Malamin firamare ko tela ko mai shago a Rimi ba zai iya ba. Dole sai wani ya biya maka, kuma wanda ya biya maka shi za ka yi wa aiki.

Kamalu: Wannan kam ni ma ban ji daɗinsa ba, kuma na faɗa a taronmu. Kuɗin ya yi yawa.

Baba Alhaji Garba: Yarana, na karanta duk abin da kuka rubuta, jikata ce ke taya ni bugawa. Ni a ƙaramar hukuma na yi aiki har na yi ritaya, kuma na buɗe ido a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke jagoranta. Bari na ba ku abin da na gani.

Tsarin da muke kai yanzu daga gyaran 1976 ya samo asali, lokacin da aka raba ƙasar nan ƙananan hukumomi 301. Yau 774 ne. A Disamban 1987 an yi zaɓe ba jam'iyya, kowa da sunansa ya tsaya. A Disamban 1990 aka yi na SDP da NRC, layi ake yi a bayan hoton ɗan takara a ƙirga mutane a gaban kowa. Yana da nasa aibin, domin talaka na tsoron a gan shi a layin da mai gidansa ba ya so. Amma wallahi a lokacin ba wanda ya san wanda zai ci sai an ƙirga. A Disamban 1998 ma hukumar zaɓe ta ƙasa ce ta yi, PDP da APP ta wancan lokaci (ba waccan ta Ribas ba) da AD kowa ya samu rabonsa a faɗin ƙasar. Ciyaman na wancan lokaci in ya shigo ofis za ka ga yana tsoron mutanen garinsa, domin ya san su suka kawo shi.

Abin da ya lalata lamarin a idona shi ne asusun haɗin gwiwa. Kuɗin ƙaramar hukuma ya taso daga Abuja ya sauka a hannun jiha. A cire na malaman firamare, a cire na fansho, a cire na masarauta, a cire na ayyukan haɗin gwiwa waɗanda ba a tambayi kowa ba kafin a tsara su. Abin da ya rage ya biya albashi da ƙyar. In ciyaman yana son gina kwalbati sai ya rubuta takarda ya jira amincewa daga sama. Na ga ciyamomi masu niyyar alheri sun gama wa'adinsu ba su iya rufa ajin makaranta ba. Na kuma ga waɗanda suka ji daɗin hakan, domin ya ba su abin fakewa.

To ku gaya mini, gwamnan da ke riƙe da wannan asusu zai yarda ɗan hamayya ya zauna a teburin da ake rabon? Nan ne amsar tambayar Malam Nasiru take.

Malam Nasiru: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wato kuɗin ne ke jan zaɓen.

Barista Aminu: Gaskiyar Baba ce. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma Kano ta fi kowace jiha yawan ƙananan hukumomi. A kan haka Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnonin jihohi 36 ƙara. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi, duk inda kantoma ke riƙo ba za a saki kuɗi ba. Wannan ne ya sa jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen 2024. Mu ma nan shugabannin riƙo ne a kan kujerun kafin lokacin.

Sai dai hukuncin bai taɓa hukumomin zaɓen jihohi ba, domin ba su aka kai ƙara a kai ba. Gwamnoni suka ga in ba za a bar su su naɗa kantoma ba, za su iya naɗa ɗan takara. Kuma kun tuna makon zaɓenmu: Babbar Kotun Tarayya ta ce a dakata, Babbar Kotun Jiha ta ce a ci gaba. Talaka yana tsaye bai san wacce zai bi ba.

Usman: Magani ɗaya ne, a rushe hukumomin jihohi a miƙa wa INEC. Shi ke nan.

Maryam: Yaya Usman ni ban yarda da wannan kai tsaye ba. Shugaban INEC wa ke naɗa shi? Shugaban ƙasa. Jam'iyyar da ke mulki a tarayya tana da jami'an tsaro, tana da yawancin gwamnoni, tana da rinjaye a majalisa. In ka ƙara mata ikon shirya zaɓen ƙananan hukumomi 774, jihar da ke hannun hamayya ta shiga uku, za a iya kewaye gwamnanta da ciyamomin da ba sa ga maciji da shi. Ka cire ɗauki-ɗora daga gidan gwamnatin Kano ka kai shi Abuja ne kawai, inda ma ba ka da wanda za ka kai wa kuka. Mu mutanen Kano mun ga rikicin da ya faru a mazaɓar Gama a zaɓen cike gurbi na gwamna a 2019, kuma INEC ce ta shirya shi.

Kamalu: Allah ya yi miki albarka Maryam. Abin da suke so ke nan, su ƙwace da ƙarfin Abuja abin da suka kasa samu a akwati.

Maryam: Yaya Kamalu kada ka ja ni ɓangarenku. Ni ban ce abin da ake yi yanzu daidai ba ne. Cewa na yi maganin da aka kawo yana da nasa haɗarin.

Barista Aminu: Tsoron Maryam yana da tushe, amma a duba wurin da aka riga aka gwada. Ƙananan hukumomi shida na Abuja INEC ce ke shirya zaɓensu. A Fabrairun 2022, APC na mulkin ƙasa, PDP ta ci uku: Birnin Abuja da Bwari da Kuje. APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. A ƙarƙashin hancin fadar shugaban ƙasa ke nan. Nuna mini jiha ɗaya da hukumarta ta taɓa fitar da sakamako rabi da rabi haka. Kaduna ta ɗan kamanta a 2018 da ta yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a, PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi. Amma da yake abin ya rataya ne a kan ra'ayin mai mulki, a 2024 an koma cinye duka.

Kuma ko an yarda da INEC ɗin, hanyar doguwa ce. Sai an gyara tsarin mulki, kashi biyu bisa uku na majalisar tarayya, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. A zagayen gyaran da ya ƙare a 2023, ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a majalisun jihohi ya mutu. Su wa majalisun jihohi ke saurare, kun sani.

Laminu: Ni a Kantin Kwari nake amma iyayena 'yan Maraɗi ne, ina bin siyasar can. Kafin juyin mulkin 2023, a Nijar hukumar zaɓe ɗaya ce, CENI, ita ke yin na shugaban ƙasa da na ƙananan hukumomi. Jam'iyyu ke jera sunaye, a raba kujerun kansiloli gwargwadon ƙuri'ar da kowa ya samu, su kuma kansilolin su zaɓi magajin gari a cikinsu. A zaɓen Disamban 2020 PNDS mai mulki ta fi kowa kujeru a ƙasar, amma Yamai babban birni ta tafi hannun 'yan hamayya na Lumana. Abin da ya burge ni shi ne ko ka zo na biyu kana da mutanenka a majalisa, suna ganin takardun kuɗi. Sojoji sun rushe majalisun a 2024, wannan wani zance ne daban. Amma tsarin rabon kujerun ya cancanci a duba shi.

Maryam: Wannan ya fi kama hankalina. Da irinsa muke yi, jam'iyyar da ta samu kusan rabin ƙuri'un Kano ba za ta tashi da kansila ko ɗaya babu ba.

Usman: In har ƙuri'un ake ƙirgawa. In a ofis ake rubuta sakamako, ko wane tsari ka kawo haka za a rubuta.

Anti Hauwa: Ku maza kun tafi Abuja kun tafi Yamai, ni bari na dawo da ku gida. A asibitin sha-ka-tafi nake aiki. Mace ta zo haihuwa da dare babu wuta, da fitilar waya muke dubawa. Rijiyar burtsatse ta lalace, 'yan uwan mai jego ke sayo ruwa wajen 'yan garuwa. Waɗannan ba aikin shugaban ƙasa ba ne. Ƙananan asibitoci, makarantun firamare, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, rajistar haihuwa, duk ƙaramar hukuma na da hannu a ciki. Ita ce gwamnatin da ta fi kusa da mai ciki da mai goyo, kuma ita ce wadda ba mu da ta cewa a kanta. Matan da ke zuwa awo na tambaye su sunan kansilansu, da wuya ka samu wadda ta sani. Amma sun san sunan gwamna, sun san sanata. Ranar zaɓen gwamna tun asuba suke layi da goyonsu. Ranar na kansila wanki suke yi, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Kamalu: Anti, amma a yi adalci, akwai ciyamomin da ke aiki yanzu. Ana gyara azuzuwa, ana yashe magudanai. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Anti Hauwa: Na yarda ƙanena, akwai na kirki, a da ma an yi na kirki. To wanda ba na kirkin ba fa, ta yaya zan cire shi? In ya gyara asibitinmu alheri ya yi mana, in ya ƙi ba abin da zan iya. Ni haƙƙi nake nema, ba alfarma ba.

Shamsu: Anti ta gama magana.

Malam Nasiru: Ni akwai abin da nake zargin 'yan hamayya da shi, kowace ce a lokacinta. Ƙauracewa tana sauƙaƙa wa mai mulki aiki. In da za ku zaɓi mazaɓu ashirin da kuka san kuna da ƙarfi, ku tsayar da mutanen kirki, ku sa wakilai a kowace akwati, ku ɗauki hoton sakamako, ku tafi kotun sauraron ƙorafin zaɓe da hujja a hannu, da ko ba ku ci ba kun bar tarihi a rubuce. NEPU ta Malam Aminu Kano ta shiga zaɓe a lokacin da En'e ke da 'yan doka da alƙalai da gidan yari. An ɗaure mutanenta, an yi musu bulala, ba su ce sun fasa ba. Jikokinsu ne yau ke cewa ba za su shiga ba sai an ba su tabbaci.

Usman: Malam, ka biya miliyan 4 sau ashirin, ka ɗauki lauya, ka je gaban kotun da a jihar aka kafa ta, ka kuma jefa yaran mutane a gaban 'yan daba ranar zaɓe. Wa zai ɗauki nauyin wanda aka sara? Faɗa da baki yana da sauƙi.

Baba Alhaji Garba: Usman yana da hujja, Nasiru ma yana da ita. Amma ku sani, ko ɗauki-ɗora aka yi, mutumin nan yana karɓar albashi da sunan mazaɓarku. A zamaninmu ƙungiyar unguwa takan rubuto takarda da sa hannun mai unguwa da liman, ta nemi zama da kansila. Takardar da ta shigo ta rajista aka buga mata hatimi ba ta ɓacewa da sauƙi, dole wani ya amsa. Yanzu kowa sai ya yi ƙorafi a waya ya kwanta.

Barista Aminu: Kuma abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na sa shi a shafinta. Zan ciro na Dala da Gwale da Birni da Kewaye da Fagge na watannin baya na turo nan, tunda yawancinmu a nan muke. In za a zauna da kansila a je da takardar, a tambaye shi nawa ne ya iso sakatariya a ciki.

Kamalu: Kansilanmu zan iya kawo shi, abokina ne. Amma da sharaɗi, kada a mayar da zaman dandalin cin mutunci, kuma kada a ɗauki bidiyo a watsa.

Usman: Ni ban yarda da sharaɗin bidiyo ba. Ma'aikacin jama'a ne, me zai ɓoye?

Anti Hauwa: A bar bidiyon Usman, a rubuta abin da ya faɗa ya sa hannu. Kuma a sa zaman da rana bayan azahar, ba da dare ba, don mata su samu zuwa. Ni zan zo da ungozoma biyu da shugabar masu adashin layinmu.

Maryam: Ni zan rubuta takardar gayyatar yau da dare na turo Barista ya duba. Baba, sunan wa za a sa a sama, mai unguwa ko shugaban ƙungiya?

Baba Alhaji Garba: Mai unguwa, 'yata. Amma kada ku aika masa takarda haka kawai, ku tashi mutum uku ku je ku gaishe shi tukuna. Shamsu ya shiga cikinsu, ya san gidan.